Almakashi a Hannun Wa? Talabijin da Masu Nuna Rayuwarsu a Intanet

A shekarar 1999 aka fara shirin Big Brother a ƙasar Holan. Ana tara mutane a gida guda, kyamarori na ɗaukarsu dare da rana, masu kallo kuma na zaɓen wanda za a kora. Tun kafin nan, a 1996, wata ɗaliba Ba'amurkiya, Jennifer Ringley, ta kafa kyamara a ɗakinta tana sakin hotunanta a intanet har zuwa 2003. Da'awarsu ɗaya ce: ga rayuwa yadda take.

A ganina, bambancinsu yana ga mai riƙe da almakashi. A talabijin, mai tace hoto ne ke yanke awa 24 ya mayar da ita 'yan mintoci, ya ajiye faɗa da soyayya, ya zubar da shiru. Ringley ba ta yanke komai ba, shi ya sa sau da yawa ɗaki kawai ake gani babu kowa. Magadanta na YouTube da TikTok kuwa sun karɓi almakashin da kansu: su ne 'yan wasa, su ne masu tacewa, kuma yawan masu kallo ne ke koya musu abin da za su yanke gobe.

Wannan ya shafi ɗalibin da ke neman maganar yau da kullum don nazari. William Labov ya daɗe da nuna cewa wanda ya san ana sauraronsa yakan gyara bakinsa. Ɗan takarar talabijin yakan manta da kyamara bayan makonni, ya saki harshe. Mai riƙe da wayarsa a gaban fuskarsa da wuya ya manta, in ma ya yi tuntuɓen harshe sai ya sake ɗauka.