Awon Farin Ciki Tsakanin Kirista da Marasa Addini: Sharhi a kan Hanyar Bincike

Manufar wannan maƙala ita ce yin tsokaci a kan hanyar da masana halayyar ɗan Adam suke bi wajen kwatanta jin daɗin rayuwar Kirista da na waɗanda ba su yarda da samuwar Allah ba, sa'an nan mu ga ko za ta yi aiki a Kaduna.

Ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne tsanin Hadley Cantril na 1965, inda akan ce wa mutum ya ɗora rayuwarsa a kan mataki daga 0 zuwa 10. A ganinmu, matsaloli uku ne suke tattare da shigo da wannan hanya garinmu.

Ta farko ita ce ta harshe. Bahaushe ya bambanta farin ciki da kwanciyar hankali, da wadatar zuci, da rufin asiri. Haka kuma ladabin gaisuwa ya hana shi kai kuka ga baƙo. Ko yana kwance, in an tambaye shi jiki sai ya ce da sauƙi. Kirista mai jin Hausa ma "mun gode Allah" zai ce. Saboda haka, da mujallar New Scientist ta ruwaito a 2003 cewa 'yan Nijeriya sun fi kowa farin ciki, ya kamata a tambaya ko ladabi aka auna.

Ta biyu ita ce ta samun masu amsawa. Ƙidayar 2006 ba ta tambayi addini ba, don haka ba mu da adadin da za mu dogara da shi. Ban da wannan, a Kaduna aka kama Mubarak Bala a Afrilun 2020, kotun Kano ta ɗaure shi shekara 24 a 2022 bisa rubuce-rubucensa a Facebook, kafin a rage hukuncin a 2024. Wanda ya ga haka ba zai faɗa wa mai riƙe da takardar tambayoyi abin da yake zuciyarsa ba, kuma mai binciken da ya yi sakaci da sunansa ya jefa shi cikin haɗari.

Ta uku ita ce ta muhalli. Tun rikicin Fabrairun 2000, Kirista da yawa sun ƙaura zuwa kudancin kogi, kamar Sabon Tasha da Narayi. Wanda ya rage a Kawo ko Unguwar Rimi yana cikin 'yan tsiraru. Binciken Diener da abokan aikinsa na 2011 ya nuna cewa mai addini ya fi jin daɗi musamman inda jama'a suke da addini. Ke nan samun dangi da maƙwabta masu taya mutum biki da makoki yana iya zama abin da ake aunawa.

Daga ƙarshe, muna ba da shawara a fara da nazarin kalmomin kansu, kamar yadda Kirk-Greene ya yi wa "mutumin kirki" a 1974, a kuma ɓoye sunan kowane mai amsawa.