Karatun Tabo a Tushen Ƙwaƙwalwa

Can ƙasan ƙoƙon kai, daidai saman ƙeya, akwai wani nama da bai wuce babban yatsa ba sosai. Shi ne tushen ƙwaƙwalwa, mai kula da numfashi, haɗiya da motsin ido. Jijiyoyin jini biyu ne ke hawowa ta cikin ƙasusuwan wuya, su haɗe su zama babba ɗaya da likitoci ke kira basila, ita kuma ta tura ƙananan rassa cikin naman. Reshe ɗaya ya toshe, naman da yake kai wa jini ya yi tabo, sai jiri, gani biyu-biyu da nauyin harshe. Wani sa'in fuska ta shanye a dama, jiki a hagu.

Likitan hoto kan fara da na'urar CT, don tana da sauri, kuma nan take take nuna ko jini ne ya zuba. Sai dai ƙashin gindin kai na da kauri, yana dusashe hoton daidai inda ake son gani. Mai son jiki ya ga babu tabo, sai ya sallami majinyaci. Gwani kuwa ya san da sauran aiki.

Daga nan sai MRI, mai aiki da maganaɗisu. Tana da wani salon ɗauka da ke bin kai-komon ruwa a cikin nama: inda jini ya yanke, ƙwayoyin nama kan kumbura, ruwa ya kasa motsi, wurin ya fito fari fat. Ana ɗaukar hoton falle-falle, siri-siri, domin tabon kan zama 'yan milimita kawai. A sa'o'in farko ma yakan ɓuya, shi ya sa mai haƙuri ke sake ɗauka idan alamun ba su gushe ba.

Karatun siffar tabon shi ne gwanintar. Kamar mai lambu ne da ya dubi fangalin da ya bushe ya gane magudanar da ta toshe. Ɗigo kewayayye a can ciki yana nuna ƙaramar jijiyar da hawan jini ko ciwon suga ya lalata. Tabon da ya miƙe har ya taɓo gaban naman na nuna kitse ya rufe bakin reshe, abin da likita Louis Caplan ya bayyana a 1989. Tabbai a warwatse kuwa kan sa a zargi gudan jini da ya taso daga zuciya.

Sannan a haska jijiyoyin kansu, sau da yawa bayan an yi allurar ruwan rini. A jikin matashi da ya murɗe wuya, gwani kan nemi jini mai siffar jinjirin wata a bangon jijiya, alamar ta tsage.

Kowane sanadi da maganinsa: wani a rage masa hawan jini da kitse, wani a ba shi maganin tsinka jini saboda zuciya. Idan basila ce ta toshe, gwaje-gwaje biyu da aka yi a ƙasar Sin, aka wallafa a 2022, sun nuna zaro gudan ta siririn bututu na ƙara yawan waɗanda ke miƙewa da ƙafarsu.