Wasiƙa da Majalisa: Nazari a kan Muhawarar Sakkwato da Barno

Malaman Sakkwato sun san hanya biyu na tattauna al'amarin jama'a. Ta farko ita ce majalisa, watau mutane su taru wuri ɗaya, kowa ya ji da kunnensa. Ta biyu ita ce wasiƙa, wadda a ke rubutawa a ba manzo ya kai wa mutum har gida. Littafin Infaƙul Maisuri, wanda Muhammadu Bello ya wallafa a 1812, ya ƙunshi misalin kowacce, don haka ya isa ma'auni.

A cikinsa Bello ya siffanta majalisar mahaifinsa, Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, da yadda ya kan yi wa'azi da harshen masu saurare. Amfanin majalisa a fili ya ke. Ba ta ware wanda bai iya karatu ba, kuma mai tambaya ya kan sami amsa nan take. Amma magana zarar bunu ce, ba ta kuwa barin sawu. Har wa yau kunya da girmamawa su kan rufe bakin yaro a gaban manya. Lokacin da Shehu ya ke wa'azi a Zamfara, wani malami, Mustafa Gwani, ya soki haɗuwar maza da mata a wurin. Da sukar ta tsaya a baki, da ta ɓace. An san ta ne domin a rubuce ta zo, Abdullahi ɗan Fodiyo ya mayar da amsa a rubuce, ya kuma adana labarin cikin Tazyinul Waraƙati a 1813.

Wasiƙa kuwa ta nuna ƙarfinta bayan da mutanen jihadi suka ci Birnin Gazargamu a 1808. Shehu Muhammadu al-Amin al-Kanemi ya rubuto yana neman hujjar yaƙar mutanen da ke salla da azumi. Ya kafa dalilinsa a kan cewa saɓo ba ya mai da Musulmi kafiri, gama a Masar da Sham ma ana saɓo. Bello ya amsa da cewa Barno ta taimaki sarakunan Hausa a kan jama'ar Shehu, kuma ana yanke-yanke a wasu wurare da sunan tsafi. Nisan hanya ya ba kowannensu lokacin duba littattafai da auna kalma. Da a zaure ɗaya suka haɗu, kowa da mayaƙansa a baya, da wuya a kai ga hujja ta biyu.

Duk da haka akwai aibi wanda ɗalibai ba su cika lura da shi ba. Yawancin masu karatu sun san maganar al-Kanemi ne ta cikin littafin abokin jayayyarsa. Lalle Bello ya yi abin yabo da ya kawo hujjar da ke sukarsa, mai kaifi kuwa. Amma shi ya tsara wasiƙun, shi ya zaɓi inda za a tsaya, amsarsa kuma ita ke biye. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Bayan wannan, wasiƙa tana hannun mai iko da hanya. A zuwan Clapperton na biyu, wanda ya ƙare da mutuwarsa a Sakkwato a 1827, Bello ya karɓe takardar da ya ɗauko daga Ingila zuwa ga al-Kanemi, saboda ana yaƙi tsakanin ƙasashen biyu. Abin da aka faɗa a majalisa ba mai iya tsare shi a hanya.

Saboda haka bai kamata malami ya koyar da wannan muhawara kamar shari'ar da aka riga aka yanke ba. Ya fi kyau ya raba wasiƙun, wani ɗalibi ya riƙe hujjar Barno, wani ta Sakkwato, a karanta su a fili, sa'an nan a tambayi ajin wane ne ya ajiye takardun. Ta haka wasiƙa za ta koma majalisa, ɗalibai su ji ɓangaren biyu da kunnensu kafin su yi hukunci.