Daga majigi zuwa ruwan majema: a gaban wa ake haska fim?

Ranar 30 ga Afrilu 2018 sashen bincike na BBC Africa Eye ya saki fim ɗin Sweet Sweet Codeine, wanda 'yar jarida Ruona Meyer ta gabatar, aka kuma ɗauki wani ɓangarensa a Kano. Washegari ministan lafiya Isaac Adewole ya haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin, bayan kwanaki kaɗan hukumar NAFDAC ta garƙame kamfanonin magani uku. Tun kafin nan Majalisar Dattawa ta yi ƙorafin cewa ana shan kwalba miliyan 3 kullum a Kano da Jigawa, amma ba a ɗauki irin wannan mataki ba sai da aka ga matasa ɗaure da mari a gidan gyaran hali.

Masu sha'awar fim ɗin bincike sukan kafa hujja da wannan su ce kyamara ita ce magani. A ganina sun tsallake rabin labarin. Wannan fim yana da kafar da duniya ke kallo, an yayyanka shi guntu-guntu ya bi Facebook da WhatsApp, sannan abin da yake nema sa hannun mutum ɗaya ne a Abuja.

Matsalar unguwannin masana'antu ta Kano ba haka take ba. Shekara da shekaru masana'antun jima na Sharada da Challawa da Bompai suna sakin dagwalon ruwa mai sinadarin kuromiyam. Na Sharada ya bi Salanta ya faɗa kogin Challawa, na Bompai ya bi Getsi ya haɗu da Jakara har madatsar Wasai. A bakin waɗannan rafuka ne 'yan lambu ke noman latas da kabeji da alayyafo. Malaman Jami'ar Bayero sun sha auna ruwan, hukumar kare muhalli ta NESREA na nan tun 2007, wari kuwa ba ya buƙatar shaida. To wa za a kunyata? Mai masana'anta zai ce wutar lantarki da tsadar dizal sun riga sun karya shi. Lebura yana tsoron a rufe wurin ya rasa na cefane. Mai lambu ma ba ya son a haska gonarsa, don kada a ƙi kayansa a kasuwar 'Yankaba. Fim ɗin da aka kai bikin fina-finai a Turai ba zai zaunar da waɗannan mutane a tabarma ɗaya ba.

Arewa ta daɗe da sanin wata hanya. Tun zamanin Turawa, bayan kafa sashen fina-finan mulkin mallaka a 1939, motar majigi ke shiga gari da janareta da farin allo, a kafa a ƙofar hakimi bayan magariba, mai sharhi yana bayani da Hausa. Da haka aka koyar da tsafta da rigakafi, da haka fim ɗin Baban Larai ya tallata noman auduga, gwamnatin Sardauna ma ta ci gaba da amfani da ita. Aibin majigi shi ne magana daga sama take zuwa: hukuma ta faɗi, talaka ya kalla, mota ta wuce. Amma ta iya tara gari guda a fili ɗaya, abin da waya ba ta yi, domin kowa shi kaɗai yake kallon tasa.

Kayan aikin ba su ɓace ba. Akwai gidajen kallon ƙwallo a kowace unguwa, akwai masu tura fina-finai a waya, gidan rediyon Freedom ma a cikin Sharada yake. Sai dai nuni a bainar jama'a yana buƙatar amincewar Hukumar Tace Fina-finai ta Kano, wadda aka kafa a 2001, kuma wannan ma kuɗi ne da lokaci.

Duk wanda zai ɗauki fim kan ruwan majema, ya ware kuɗin yawo da shi tun kafin ya kunna kyamara. Ya fara haska shi a Panshekara da Kumbotso, dagaci da limami da wakilin masu masana'antu da jami'in ma'aikatar muhalli suna zaune, a kunna fitila bayan an gama, a miƙa wa mai lambu makirufo.