Masu Ƙera Motar Kara a Birnin Gwari

Da an yanke dawa, kara ya bushe a gonakin Birnin Gwari, sai aikin ƙananan maƙera ya tashi. Yara ne, kuma sun cancanci jinjina, domin da reza ɗaya suke fitar da tirela sukutum.

Kayan aikin mai koyo ba su da yawa. Da reza ko 'yar wuƙa yake feƙe ɓawon kara, ya yanka totuwar ciki daidai tsawon da yake so; siraran ɓawon kuma su ne ƙusoshin da ke haɗa sassan motar. Wanda hannunsa ya faɗa sai ya koma ga gwangwanin madara da waya, ya nemi almakashi da filaya, da ƙusa ta huda. Tsohon silifa ake yankawa a yi taya, a ɗaure gatari da robar tsohon tub na keke. Taya ce ke raba gwani da ɗan koyo: in da'irarta ta karkace, motar ɗingishi za ta yi.

A Ingila da Japan, masu irin wannan sana'a suna sayen sassan roba da aka auna, mota a ma'aunin 1:24, jirgin sama a 1:72. Yaron Birnin Gwari kuwa idonsa ne ma'auni. Manyan motocin da ke bin hanyar Kaduna zuwa Tegina yake kwaikwaya, har da madubi da tsanin bayan bodi.