Mai Nazari da Inda Ya Tsaya: Sake Duba Saɓanin Mannoni da Fanon

1. Gabatarwa

A cikin wannan ƴar maƙala za mu duba yadda asalin mutum da harshen da yake tunani da shi suke shiga cikin abin da yake kira ilimin halayyar ɗan Adam. Mun zaɓi misali guda, watau saɓanin da ya shiga tsakanin Octave Mannoni, marubucin Psychologie de la colonisation (1950), da Frantz Fanon, wanda ya keɓe babi na huɗu na Peau noire, masques blancs (1952) domin mayar masa da martani. Ra'ayinmu shi ne asali yana buɗe wa mai nazari ido a wani gefe, ya rufe masa a wani, don haka ba ya isa hujja shi kaɗai.

2. Mafarki ɗaya, fassara biyu

Mannoni Bafaranshe ne, malamin falsafa, ya daɗe yana koyarwa a Madagaska, ya kuma riƙe ofishin watsa labarai na gwamnatin mulkin mallaka. Ya rubuta littafinsa bayan tawayen da ya ɓarke ranar 29 ga Maris 1947, wanda aka murƙushe da asarar dubban rayuka. A ganinsa, Bature yana fama da jin ƙasƙanci da ke tura shi neman mulki, shi kuwa mutumin Madagaska yana ɗauke da wata ɗabi'a ta dogaro tun kafin zuwan Turawa. Daga nan ya fassara tawayen a matsayin firgitar wanda ya ji ubangidansa ya sake shi.

Daga cikin hujjojinsa akwai mafarkai, galibinsu na yara: baƙin sa yana kora, sojoji baƙaƙe suna bi, wani ya ɗaga bindiga. Mannoni ya karanta su da ma'aunin da ya koya, ya ga uba, ya ga alamun jima'i. Fanon ya ɗauko bakwai daga cikinsu ya ce bindigar bindiga ce ta gaske, baƙin san kuma sojan da ake tsoro ne. Ya kawo shaidar da aka bayar gaban kotu a Antananarivo game da azabtarwa a hannun sojojin da ake kira ƴan Sanagal, waɗanda a haƙiƙa daga ƙasashen Afirka ta Yamma daban-daban Faransa ke ɗebo su.

A nan Fanon ya fi gaskiya, kuma dalilin a fili yake. Baƙar fata ne ɗan Martinik, ya sa kakin sojan Faransa a yaƙin duniya na biyu, ya yi karatun likita a Liyon. Abin da Mannoni yake hange daga ofis, shi a jikinsa ya san shi.

3. Matsalar kalma

Abin da ya fi jan hankalinmu, mu masu nazarin harshe, shi ne kalmar dépendance kanta. Mannoni ya ba da labarin wani saurayi mai koya masa wasan tanis. Zazzaɓi ya kama shi, Mannoni ya sa aka ba shi kinin. Bayan ya warke sai ya fara roƙon ƙananan abubuwa, har da tsofaffin takalma, ba tare da nuna irin godiyar da Mannoni yake jira ba. Wannan ne ya zama masa alamar ɗabi'ar dogaro.

Bahaushen da ya karanta labarin ba zai ga cuta ba. Zai ga alaƙa mai suna a harshensa: ubangida da bara. Wanda ya yi maka alheri ya buɗe ƙofa, roƙon da ya biyo baya kuwa yarda ce da alaƙar, kuma akwai hakki a kan kowane ɓangare. Ba mu ce al'adar Madagaska ita ce ta Hausa ba. Abin lura shi ne inda Faransanci ya ba Mannoni kalma guda mai ɗauke da warin naƙasa, Hausa tana rarrabe dogaro, jingina, barantaka da zumunci, ta ware maula da ci-ma-zaune a matsayin abin zargi. Wanda harshensa ya haɗe waɗannan duka a kalma ɗaya zai yi saurin ganin rashin lafiya inda wani yake ganin tsarin zama.

Haka lamarin yake ga kunya. Uwar da ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, idan aka auna ta da honte ko pudeur kaɗai, sai a rubuta cewa ba ta da shaƙuwa da ɗan. Alhali a Maradi ko Damagaram wannan ɗabi'a shaidar tarbiyya ce.

4. Iyakar Fanon

Duk da haka, ba daidai ba ne a ɗauka cewa asalin Fanon ya wanke duk abin da ya faɗa. Mafarkan da ya fassara daga littafin Mannoni ya samo su, cikin Faransanci, ba daga bakin masu su ba. A wani babin kuma ya ce kashi 97 cikin 100 na iyalan tsibiran su ba sa haifar da rikicin Oedipe, bai kuwa nuna inda ya samo wannan adadi ba. Inda ya yi nasara a kan Mannoni, shaidar kotu da tarihin 1947 ne suka ba shi, asalinsa dai ya nuna masa inda zai duba. Shi ma Mannoni ya koma kan littafinsa a wata maƙala ta 1966, ya sake auna matsayin da ya yi magana daga gare shi.

5. Kammalawa

Muna ganin hatsari biyu a kundayen ɗalibai. Na farko, ɗaukar kalmar Faransanci a ɗora wa Bahaushe kamar an ɗinka ta dominsa. Na biyu, cewa ɗan gida ne kaɗai ke iya fahimtar gida, wanda ke rufe ƙofar gardama gaba ɗaya. Shawararmu ita ce duk wanda zai yi nazarin hankali, zuciya, kurwa ko kunya ya kawo maganar mai magana da harshen da aka faɗe ta, ya nuna wanda ya fassara, ya kuma bayyana matsayinsa ga mutanen da ya tambaya: ɗa ne, baƙo ne, ko ma'aikacin hukuma. Da haka mai karatu zai iya raba abin da aka ji da abin da aka zo da shi.