Guguwar Heaney da Masu Haddar Jarrabawa

Wani ɗan kawuna da ke sakandare a Ingila ya aiko mini da takardun bitar da ya ke haddacewa don jarrabawar adabin Ingilishi, wai in duba masa tun da nazarin waƙa na ke yi. Na duba kuwa, kuma abin da na tarar a kan waƙa guda ɗaya shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Waƙar ita ce "Storm on the Island", watau guguwa a kan tsibiri, ta Seamus Heaney, mutumin Ailan ta Arewa, wanda aka haifa a 1939, ya sami kyautar Nobel a 1995, ya rasu a 2013. Tana cikin littafinsa Death of a Naturalist na 1966, kuma tun 2015 hukumar jarrabawa ta AQA ta sa ta cikin jerin waƙoƙi 15 masu jigon iko da rikici. A ɗakin jarrabawa waƙa ɗaya a ke buga wa yaro, a ce ya kwatanta ta da wata daga cikin sauran, wadda sai dai ya tuno ta da ka. To, ka ga dalilin hadda ke nan, kuma ban ga laifin yaro ba.

Waƙar ɗango 19 ce, duk a dunƙule, ba a raba ta baiti-baiti ba. Mutanen wani tsibiri ne ke magana da bakin "mu". Sun ce sun shirya, gidajensu gajeru ne, an kafa su a kan dutse, ba su da tarin ciyawa a fili da iska za ta kwashe, ba su da itatuwa. Da farko sai ka ji kamar alfahari su ke yi. Amma da tafiya ta yi tafiya, sai rashin itatuwan ya koma kaɗaici, don ko ba komai kukan ganye abokin hira ne. Tekun da a ke zaton maƙwabci ne sai ya juye kamar kyanwar gida da ta haukace. Daga nan mawaƙin ya shiga aro wa iska kalmomin yaƙi, irin na jiragen sama masu luguden wuta. Ƙarshenta mutanen suka zauna tsuru-tsuru, suna tsoron abin da ba ya ganuwa, ba ya kamuwa.

Me takardun suka ce? Wai idan ka ɗauki haruffa takwas na farkon sunan waƙar za su ba ka Stormont, mazaunin majalisar Ailan ta Arewa a Belfast, saboda haka guguwar ita ce tarzomar da aka yi tsakanin masu son zama da Birtaniya da masu son haɗewar Ailan. Haruffan kam haka su ke, na ƙirga. Amma fa, mai karatu, dubi shekaru. An buga waƙar a 1966, tarzomar kuwa a 1968 zuwa 1969 ta ɓarke, ta ci rayuka sama da 3,500 kafin yarjejeniyar 1998. Gaskiya ne zaman doya da manja tsakanin 'yan Katolika da 'yan Furotesta ya girmi waƙar nesa ba kusa ba, tun kafin a raba tsibirin a 1921, kuma Heaney ɗan Katolika ne da ya tashi a cikinsa. Don haka wanda ya ce yana jin ƙanshin wannan fargaba a waƙar bai yi ƙarya ba. Inda na ke ja shi ne a miƙa wa yaro hasashe a ce masa tabbas ne. Lokacin da Heaney ya so fuskantar zub da jinin ƙasarsa gaba-gaɗi, ai ya yi, a littafinsa North na 1975.

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. Yaron da ya riƙe Stormont ya daina kallon iska. Na tambayi ɗan kawun nawa me ya sa mawaƙin ya damu da rashin itatuwa, ya yi shiru, alhali kuwa nan ne waƙar ta juya.

Sashen kalmomi ma haka. An jero masa sunayen dabarun salo kusan shafi guda, kowanne da ma'anarsa. Mu ma nan ba mu tsira ba. Sau nawa mu kan rubuta "akwai kamance, akwai mutuntarwa" mu wuce, kamar masu ƙidayar awaki? Ɗauki saɓi-zarce. Takardun sun ce akwai shi, shi ke nan. Ba su ce a farkon waƙar jimlolin suna tsayawa daram kamar bangon gidajen ba, sa'an nan da iska ta taso sai magana ta riƙa tsallake ƙarshen ɗango tana faɗawa na gaba, har mai karantawa ya rasa wurin numfashi. Haka kuma waƙar ba ta da amsa-amo sosai, sai wani ɗan rabi-rabi a ɗango biyun farko da biyun ƙarshe, kamar ƙofar da aka saya ba a kulle ba. Wannan shi ne abin da mai gyaran takarda ke nema, watau aikin da dabara ta yi, ba sunanta kurum ba.

In yi adalci, takardun sun yi abu ɗaya mai kyau: sun ware kalmomin yaƙin nan sun fassara su, don ko ɗan Ingila mai shekara 16 ba lalle ne ya san su ba. Wannan shafi na ce masa ya riƙe. Sauran kuwa na ce ya ajiye tukuna, ya karanta waƙar da ƙarfi sau uku, ya sa alama duk inda numfashinsa ya yanke. Batun Stormont, in zai kawo shi, ya fara da "mai yiwuwa ne", ya kuma rubuta 1966 a gefensa.